Bugun jikle: yadda ake buga zane ko hoto ya fito kamar na asali

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bidiyon yau na masu zane ne da masu ɗaukar hoto, musamman waɗanda suka gaji da ganin aikinsu ya maƙale a waya, ko kuma an kai shago an buga musu a ledar bana, kala ta fito wani iri, kafin shekara ta zagayo ja ya kode shuɗi ya koma fari-fari. Akwai wani bugu na musamman da ake yi don aikin da za a rataye a bango ko a kai baje koli ko a sayar wa mai tara zane, sunansa giclée, ana furta shi jikle, kuma abin da ya sa na damu da shi shi ne mai zane zai kwashe wata biyu a kan zane ɗaya, ya sayar sau ɗaya, shikenan ya rabu da shi har abada. Da wannan bugun zai iya fitar da kwafi 30 ko 50 masu kyan da ba zai ji kunyar sa hannu a kai ba.

Abin bai wani daɗe ba fa. A Amurka ya fara, a jihar Kalifoniya, wajen wani mawaƙi mai suna Graham Nash wanda kuma mai ɗaukar hoto ne. A 1989 ya sayi wani inji mai suna Iris 3047 a kan dala 126,000, inji ne da aka ƙera don kamfanonin ɗab'i su riƙa gwada kala kafin su buga abu da yawa, ba don masu zane aka yi shi ba sam. Shi da abokin aikinsa Mac Holbert suka yi wa injin gyara har ya iya ɗaukar takarda mai kauri irin ta masu zanen fentin ruwa, a 1991 suka buɗe Nash Editions, kuma a nan ne wani mai bugu Jack Duganne ya raɗa wa aikin wannan suna. Injin nasu na farko yanzu haka yana gidan tarihi na Smithsonian a can Amurka. To amma bugun farko-farkon nan yana da babbar matsala, kyau kam akwai shi, sai dai tawadar ba ta jure haske, 'yan shekaru kaɗan sai ka ga hoto ya fara kodewa, kuma wannan ne ya kawo mu maganar tawada.

Tawadar firinta iri biyu ce, akwai mai rini akwai ta figiment. Mai rini kamar sukari ce a cikin shayi, ta narke gaba ɗaya, ita kuwa figiment kamar gari ce a ruwa, ƙananan ƙwayoyin launi ne suke yawo a ciki ba su narke ba, idan an fesa su sai su zauna a kan takarda da jikinsu. Haske da iska suna saurin cinye rini, amma ƙwayar figiment sai an daɗe ana fama da ita. Epson ce ta kawo figiment cikin ƙananan firintocin hoto a shekarar 2000, a 2002 ta fitar da tawadar UltraChrome, daga baya Canon ta zo da Lucia, HP ma ta shigo. Kuma firintar ofis kala huɗu gare ta, firintocin jikle masu tawadar figiment kuwa za ka ga 10 ko 12. Misali Epson SureColor P900 tana da 10, Canon imagePROGRAF PRO-1000 tana da gidan tawada 12. Ba don ƙawa aka yi hakan ba, a ciki akwai toka-toka kala biyu ko uku, akwai baƙi na takarda mai sheƙi daban da baƙi na marar sheƙi, shi ya sa hoton baƙi da fari yake fitowa tas ba ya yin kore-kore, kuma fatar mutum, musamman baƙar fata irin tamu, tana fitowa da duk matakan haskenta maimakon ta dunƙule ta zama baƙi ƙirin wuri ɗaya.

Za ku ji ana cewa bugun jikle yana kai shekara 100 ko 200 bai kode ba. Waɗannan alƙaluman daga gwaji suke fitowa, wanda ya fi suna a harkar shi ne Henry Wilhelm da cibiyarsa Wilhelm Imaging Research a jihar Iowa ta Amurka, suna haska wa bugu fitila mai ƙarfi su auna yadda yake kodewa, sannan su yi lissafi a kan hoton da ke cikin ɗaki, yana shan matsakaicin haske awa 12 a rana. A cikin ɗaki fa aka ce. Wanda ya rataye hoto a inda ranar la'asar ta watan Afrilu take dukansa kullum kada ya zo yana neman shekara ɗari.

Sai takarda, kuma nan ne da yawa suke yin asara, a sa tawada mai tsada a kan takardar banza. Takarda ta yau da kullum daga itace ake yin ta, mai arahar cikinta tana da asid da wani sinadari lignin, shi ne yake sa tsohuwar jarida ta koma rawaya tana karyewa. Ta jikle mafi daraja auduga ce zalla, ba asid, an shafa mata wani abu a fuska da yake riƙe ɗigon tawada kar ya bazu. Sunayen da za ku fi ji su ne Hahnemühle ta Jamus, wadda take yin takarda tun 1584, da Canson ta Faransa. Photo Rag ta Hahnemühle mai nauyin giram 308 a kowace murabba'in mita ita ce kusan kowa yake fara gwadawa, ku kwatanta da takardar fotokwafi mai giram 80, ka riƙe ta a hannu ma ka san da bambanci. Zanen fensir da gawayi da fentin ruwa sun fi dacewa da marar sheƙi, mai ɗan kaushi. Hoton kamara mai duhu sosai, ko baƙi da fari, ni dai na fi son baraita, wata takardar hoto mai ɗan sheƙi, don baƙinta ya fi zurfi. Zanen fentin mai kuma sai kambas, wato yadin nan mai kauri da masu fenti suke zane a kai, amma a tabbatar an fesa masa banish, man kariya kenan, a sama. Abu ɗaya da za ku tambaya, akwai takardun da ake zuba musu sinadarin ƙara fari, masu sana'ar suna ce masa OBA, ranar farko fari fat kamar me, amma sinadarin yana mutuwa a hankali takardar ta koma kalarta ta asali. In aikin na sayarwa ne da tsada ku zaɓi wadda ba ta da shi.

To yanzu ku ba ni hankalinku, don wannan ɓangaren shi ne a hannunku yake ba a hannun mai shago ba, wato fayil ɗin. Inji ba ya ƙirƙiro abin da babu a cikin fayil. Ƙa'idar da aka saba ita ce fiksel 300, wato 'yan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto, a kowane inci ɗaya na takarda. Mu yi lissafi, A3 tana buƙatar fiksel 3508 sau 4961, wajen megafiksel 17 kenan, A2 kuma 4961 sau 7016, kusan megafiksel 35. Hoton da ka sauke daga Instagram mai faɗin fiksel 1080, in ka bi wannan ƙa'idar wajen santimita 9 ne kawai, ko tafin hannu bai cika ba, amma sai ka ga mutum ya kawo shi yana so a buga masa girman ƙofa. In bugun babba ne da za a kalla daga nesa ana iya sauka zuwa 200 ko ma 150 ba wanda zai gane, amma a fara da fayil mai kyau. Kuma don Allah kar a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya zubar da rabin bayanan, a tura a matsayin dokumen ko a kai a filash, a kuma ajiye shi a TIFF ba JPEG ɗin da aka yi ta sake sebin ba.

Masu kamara ku naku da sauƙi, ku ɗauka a RAW, wato fayil ɗin da kamara take ajiyewa da cikakken bayanin hoto. Masu zane ku ne da aiki, don sai an mayar da zanen fayil tukuna. Ƙarami mai shafe ana iya sa shi a sikana, babba kuwa ko mai tudun fenti sai kamara. Ga yadda ake yi, a kafe zanen a bango, kamara a kan ƙafarta tana kallon tsakiyarsa daidai ba karkacewa, fitila biyu iri ɗaya hagu da dama kowace a kusurwar digiri 45, a kashe sauran fitilun ɗakin a rufe taga. Fentin mai yana ƙyalli, maganinsa filtar folaraiza, wani tacin haske mai kashe ƙyalli, a kan fitilun da kuma kan gilashin kamara, ana juya ta har ƙyallin ya ɓace. Sannan a ajiye katin kala a gefen zanen a ɗauka tare, irin ColorChecker mai gida 24, shi ne zai gaya wa kwamfuta ainihin kalar da ke wurin ba wadda kamara ta ga dama ba. Wallahi wannan zaman na awa ɗaya ko biyu shi ne rabin aikin gaba ɗaya. Kuma ku yi shi kafin zanen ya bar hannunku, don in ya tafi gidan mai saye samun shi kuma sai an yi ta roƙo.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne bugu ya fito da duhu, ba haka yake a sikirin ɗina ba. Gaskiya yawanci laifin sikirin ne, sikirin haske yake fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa, kuma kusan kowa sikirin ɗinsa ya cika haske. Masu aikin suna rage shi sosai su saita kalarsa da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a kai. Bayan haka akwai abin da ake kira furofayil na ICC, ɗan fayil ne da ke bayyana yadda wannan firintar da wannan tawadar suke fitar da kala a kan wannan takardar, kowace takarda da nata, kamfanonin takarda suna bayarwa kyauta. Ka sa shi a Photoshop ko Lightroom sai ya nuna maka yadda bugun zai kasance tun kafin a ɓata tawada. A nan za ka gane cewa akwai kalolin da sikirin ke nunawa amma takarda ba ta iyawa. Wanda ya ɗauki hoton marinar Ƙofar Mata ko rawunan mahaya a hawan Sallah ya lura da shuɗin baba mai duhu da ja mai ƙuna, su ne suke fara ba da wahala, a takarda marar sheƙi shuɗin yana iya dusashewa ko ya karkata zuwa shunayya. Shi ya sa ba a zuwa kai tsaye a buga babba. A ce mai shago ya buga ɗan yanki na gwaji a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, a bar shi ya sha iska, a ɗora kusa da zanen a hasken rana na inuwa a duba, a gyara, a sake. Shagon da ya ƙi yi maka gwaji, ko ka tambaye shi sunan tawada da sunan takarda ya kama kame-kame, ka ɗauki filash ɗinka ka ƙara gaba, don sunan jikle ba wata hukuma da take ba da lasisinsa, kowa ma zai iya rubutawa a allon shagonsa.

Maganar sayarwa kuma amana ce. In ka ce kwafi 50 za ka buga, to 50 ɗin ne, ka rubuta 1/50, 2/50 da fensir a ƙasa ta hagu, ka sa hannu ta dama, fensir saboda ba ya kodewa kamar biro. Ka haɗa da takardar shaida mai ɗauke da sunan aikin, girmansa, takarda da tawadar da aka yi amfani da su da shekarar bugu. Idan sun ƙare sun ƙare, ko kasuwa ta buɗe kar ka koma ka ƙaro, don wanda ya sayi na 7 ya biya kuɗin ne a kan alkawarin ba su da yawa. Kuma ka faɗa wa mai saye ƙarara cewa bugu ne ba zanen hannu ba, na kambas ɗin nan yana ruɗar mutane sosai, kuma ba mutunci ba ne a bar mutum cikin ruɗu. Shi ma wanda ya sayi zanen asali ya kamata ya san kana da niyyar buga kwafi, ku yi maganar tun farko a rubuce.

In bugu ya fito a bar shi kwana ɗaya kafin a sa a firam, a riƙe shi ta gefe da hannu mai tsabta ko safar auduga, takarda marar sheƙi ko farce ya goga wurin baƙi sai ya bar tabo. Kar a yi masa laminetin. A firam kar ya manne da gilashi, a sa kwali marar asid a tsakani, in da hali a sa gilashi mai tare hasken UV, ɓangaren hasken rana da ke kodar da kala, a kuma rufe bayan da kyau saboda ƙura da danshin damina. Masu tunanin sayen firintar da kansu kuma, ku sani irin waɗannan injinan ba sa son zama ba aiki kuma ba sa son busasshiyar iska, lokacin hunturu bakin da ke fesa tawada yana saurin toshewa, wankinsa kuma tawada yake sha mai tsada, ga maganar wuta, sai da UPS ko inbata. In ba kullum za ka riƙa bugawa ba gara ka nemi shago mai kyau ku saba, ka fara da A4 guda ɗaya ka ga hannunsu. A bidiyo na gaba za mu kafa fitilu da kamara mu ɗauki zane ɗaya daga farko har ƙarshe ku ga yadda ake kashe ƙyallin nan. Sai mun haɗu.