Sharhi: Daƙiƙa 43 da suka jawo wa GitHub wahalar kwana guda

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhin namu na yau ya shafi manyan kwamfutocin nan da ake kira sabar, waɗanda ake haɗawa domin kowace ta riƙe kwafin bayanan 'yar'uwarta, da abin da kan biyo baya idan layin da ke tsakaninsu ya yanke.

Ranar 21 ga Oktoba, 2018, ana aikin sauya wata na'urar layin fayiba da ta fara lalacewa a kamfanin GitHub na Amurka, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Sadarwa ta ɗauke a cibiyarsu ta gabashin ƙasar na daƙiƙa 43 kacal, ta dawo. Amma sai da aka shafe awa 24 da minti 11 kafin al'amura su daidaita.

Me ya kawo haka? A cikin waɗannan daƙiƙun, manhajar Orchestrator mai sa ido kan sabar ɗin MySQL, wato manhajar adana bayanai, ta ɗauka cewa ta gabas ta mutu, sai ta miƙa shugabanci, wato ikon karɓar sababbin bayanai, ga wata sabar ɗinsu da ke yammacin ƙasar. Ashe ta gabas tana nan da ranta, har ta karɓi wasu bayanai da ba su kai ga haurawa yamma ba. Ita kuma ta yamma ta shiga karɓar sababbi. Kamar wa da ƙani ne a shago ɗaya, kowa da nasa littafin bashi: wannan ya rubuta Malam ya biya, wancan ya rubuta ya ƙara ci. Layi ya dawo, littattafai sun saɓa. Injiniyoyin suka zaɓi jama'a su sha jira da a yi asarar bayanai, suka koma ga ajiyar da suka yi tun farko suna sake ginawa. A ganina sun yi daidai.

Don haka, ma'aikaci mai kula da sabar, idan aka buga maka waya cikin dare cewa kwafi ya tsaya, kada hannunka ya yi saurin kashewa da kunnawa. Fara tabbatar da cewa sabar ɗaya ce kawai ke karɓar rubutu. Sannan ka bi layin sannu a hankali.

Umarnin ping zai nuna maka ko na'urar tana amsawa, amma amsa sallama ba ya nufin ƙofa a buɗe take. MySQL na bi ta ƙofa mai lamba 3306, takwararta PostgreSQL ta 5432, kuma sau da yawa katangar tsaro ce ta toshe ta bayan wani ya yi gyara bai gaya wa kowa ba. Gwada daga ɓangarorin biyu, domin hanya kan buɗe zuwa, ta rufe dawowa. Duba DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan na'ura da adireshinta, ko sunan na nuni ga tsohon adireshi. Duba agogo ma: a tsarin Active Directory na Microsoft, mai tantance masu shiga kwamfutocin ma'aikata, saɓanin da ya wuce minti 5 ya isa ya sa na'urori su ƙi amincewa da juna.

Wadda ta fi cin rai ita ce matsalar girman ƙunshin saƙo. Layi na yau da kullum na ɗaukar bayit 1500 (ma'aunin girman bayanai) a ƙunshi guda, amma idan aka bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanyar sirri ta cikin intanet, sai wurin ya ragu. Ƙananan saƙonni su wuce lafiya lau, manya su maƙale, kai kuwa kana ta rantsuwa netwok lafiyarsa ƙalau.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta tangarɗe a Najeriya. Duk hukuma ko kamfanin da ke da sabar biyu a garuruwa biyu, ya kamata ya sa ta uku a wani wuri daban mai raba gardama, ya kuma yanke layin da gangan wata rana da tsakar rana, injiniyoyi na zaune, ya ga abin da na'urorin za su yi.