Amsoshin Tambayoyinku: Wa zai kula da ɗalibanmu a ƙasashen Larabawa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun fi karkata ga batun tura ɗalibai karatu ƙasashen Larabawa, musamman waɗanda za su riƙe su idan sun isa can.

Ta farko daga Zariya take, wani malami mai makarantar Islamiyya ne ya aiko. Ya ce: "Muna shirin tura ɗalibai ashirin Masar su yi shekara guda suna ƙaro Larabci. Waɗanne irin ma'aikata ya kamata mu ɗauka?"

To malam, Allah ya yi jagora. Magabata sun riga mu fuskantar wannan tambaya. Tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka zuba dukiya aka gina musu makaranta da masauki a Masar, wadda ake kira Madrasar Ibn Rashiƙ, saboda ɗalibansu da alhazansu. A masallacin Azhar kuma a da an raba baƙin ɗalibai zuwa ruwaƙai, wato sassan masauki da karatu, kowace al'umma da nata, har da na Barnawa. Kowane ruwaƙi yana da shehunsa, shi ke riƙe da rajistar sunaye, shi ke kula da rabon gurasa, shi ke raba gardama.

Irin wannan shehun shi ne mutum na farko da za ku nema, kuma a ganina shirin naku kacokan a kansa ya rataya. Mutum ne da zai tare a Alƙahira tare da yaran, ba mai leƙa su sau biyu a shekara ba. A nan mutanenmu suka fi yin kuskure iri biyu. Wasu sai su zaɓi malamin da ya fi kowa nahawu da balaga, su manta cewa aikin yawancinsa bin layi ne a ofishin iƙama, wato takardar izinin zama, da ke unguwar Abbasiyya, da ciniki da mai gidan haya, da kai yaro asibiti ƙarfe biyun dare. Wasu kuma sai su damƙa amanar ga wani tsohon ɗalibi mai neman digirin digirgir, suna ɗan ba shi na goro. Ranar da jarrabawarsa ta haɗu da matsalar yaranku, kun san wadda zai fara duba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Ku ɗauki mutum aiki sosai, da albashi da takarda, wanda ke jin Larabcin titi na Misirawa kamar yadda yake jin na littafi, mai haƙuri, wanda yara ba za su ji tsoron gaya masa abin kunya ba.

Shi kaɗai ba zai iya ba. Yana buƙatar ɗan ƙasa a gefensa, wanda ya san dillalan gidaje, ya san ofishin da ake fara shiga da wanda ake ƙarewa. Idan akwai 'yan mata cikin ɗaliban, dole a sami mace mai kula da su wadda ke kwana kusa da su. Malam, wannan ba wurin tsimin kuɗi ba ne, don akwai larurar da yarinya za ta gwammace ta yi shiru da ita har ta tsananta da ta faɗa wa namiji.

Batun masu koyarwa kuwa, kasancewar mutum Balarabe bai mayar da shi malamin Larabci ba. Koyar da baƙi fanni ne mai zaman kansa. Ku ƙulla yarjejeniya da cibiya mai rajista a ƙasar, ita za ta ɗauki malaman bisa dokar ƙwadago ta can, ku kuma mutuminku ya riƙa shiga aji yana ganin abin da ake yi. A gida Zariya ku ware mutum guda wanda iyaye za su riƙa kira, in ba haka ba wayar mutuminku na Alƙahira ba za ta huta ba.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, ta ce ɗanta ya tafi Maroko da Larabcinsa mai kyau, amma ya ce ko a kasuwa ba ya gane abin da ake faɗa. Shin an yaudare su ne?

Hajiya, ba yaudara ba ce, sakacin masu shiri ne da ba su faɗa muku tun farko ba. Mutanen Maroko Darija, wato Larabcinsu na gida, suke yi a tsakaninsu, kuma a jami'o'insu likitanci da injiniyanci da yawancin fannonin kimiyya da Faransanci ake koyar da su. A wannan fuskar ɗan Nijar ma ya fi ɗan Najeriya samun sauƙi. Ya ɗan daure, ya nemi abokai 'yan ƙasa, cikin 'yan watanni kunnensa zai buɗe.

Wasiƙa ta uku mai nauyi ce. Wani uba ne daga Kano wanda ɗansa yana cikin waɗanda aka kwaso daga Sudan. Ya ce: "Idan yaƙi ya ɓarke, alhakin yaranmu a wuyan wa yake?"

Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti, a ƙarshen watan azumi, ɗalibanmu dubbai suna ƙasar, da yawansu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Bankuna suka rufe, wuta da intanet suka riƙa ɗaukewa. An kwashe wasu a motocin bas zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a tsaye kafin a bari su tsallaka su hau jirgi a Aswan, wasu kuma ta Port Sudan aka fito da su. Sai farkon watan Mayu rukunin farko ya sauka Abuja.

Kwasowa aikin gwamnati ne, ta hannun ofishin jakadanci da hukumomi irin su NEMA mai ba da agajin gaggawa. Amma kwanakin farko, kafin gwamnati ta motsa, duk wanda ya tura yaro shi ke da alhakinsa. Turawa ma sun ɗanɗana. Lokacin juyin juya halin Masar na Janairun 2011 jami'o'in Amurka sun kwashe ɗalibansu daga Alƙahira da Iskandariyya cikin gaggawa, kuma a Nuwamban shekarar an kama ɗalibansu uku kusa da dandalin Tahrir. Shirin nan na CASA, wanda tun 1967 yake horar da Amurkawa Larabci a Alƙahira, sai da ya nemi mazauni a Amman ta Jodan bayan rikicin 2013.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sunan kowane ɗalibi ya kasance a rajistar ofishin jakadanci tun makon farko. Fasfo ya zauna a hannun mai shi, kwafinsa a hannun mai kula. A ajiye tsabar kuɗin da za su isa hayar mota zuwa iyaka, a kuma tsayar da wurin haɗuwa idan waya ta mutu. Abin da ya fi waɗannan duka, a rubuta a takarda cewa mutumin da ke can yana da ikon cewa a tashi, ba sai kwamiti ya zauna a gida ba. A kuma ja wa yara kunne su nisanci zanga-zanga da ɗaukar hoton jami'an tsaro.

Ta ƙarshe daga Kumasi, wani shugaban ƙungiya a zango yana tambaya ko wakilin da ya samo musu gurbin karatu zai iya zama shi ne mai kula da yaran, don a rage kashe kuɗi.

Alhaji, ban ba ku wannan shawara ba. Da yawan wakilai ladansu kan kowane ɗalibin da suka kai ne, don haka da an yi rajista aikinsu ya ƙare. Kuma ranar da ɗalibi ya yi ƙorafi kan makarantar, mai cin lada daga gare ta ba zai tsaya masa ba. Haka nan kada mai riƙe kuɗi ya zama shi ne mai binciken lissafi. Kasafin kuma ku yi shi da dala, ku bar rara, domin a Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi rana ɗaya daga kusan 31 zuwa kusan 50 kan dala guda, farashin kaya ma ba ya zama wuri ɗaya. Tsadar irin wannan shiri ce ma ta sa Najeriya ta kafa Ƙauyen Larabci na Ngala a jihar Borno a farkon shekarun 1990, domin ɗaliban Larabci na jami'o'i su yi zaman gogewar da a da ake fita waje a yi. Idan kuɗinku bai kai na ɗalibai ashirin da mai kula da su ba, ku tura goma sha biyu da mai kula.

To jama'a, lokaci ya tsaya mana a nan. Sauran wasiƙun, har da mai tambaya kan daidaita takardun sakandare kafin shiga Azhar, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.