Abin da Ƙura ta Ɓoye a Bayan Gajimaren Oriyon

Masu kallo, hoton da ke gabanku na gajimaren Oriyon ne, wato wani tarin iskar gas da ƙura mai haske a sararin samaniya, wanda nisansa daga gare mu ya kai tafiyar haske ta shekara kusan 1,350, kuma ana iya hango shi da ido a daren hunturu, kudu da taurarin nan uku da ke jere. Sai dai inda ake haihuwar manyan taurari ba a cikin wannan haske yake ba, a bayansa yake, cikin wani dunƙulen iskar gas da ƙura mai tsananin sanyi da kauri, wanda ke tare hasken da idonmu ke gani kamar yadda hazo ke dusashe rana.

Tauraron da nauyinsa ya ninka na rana sau 8 ko fiye yana girma da gaggawa, har yakan fara ƙona haidirojin tun bai gama tara jikinsa ba, saboda haka ƙuruciyarsa duka a lulluɓe take wucewa. Dole masana suka nemi wani hasken da zai iya ratsa ƙurar.

Na farko shi ne infirared, hasken zafi wanda William Herschel ya gano a 1800. Ƙurar da ke kewaye da sabon tauraro tana shanye haskensa, ta yi ɗumi, sannan ta sake fitar da shi a wannan zango. A 1967 Eric Becklin da Gerry Neugebauer suka ba da labarin wani abu mai ƙarfin infirared a Oriyon wanda babu alamarsa ko kaɗan a hotuna na yau da kullum, aka raɗa masa suna BN. A shekarar dai Douglas Kleinmann da Frank Low suka gano wani gajimare mai ɗumi dab da shi, wanda ake kira KL, kuma hasken da yankin ke fitarwa ya kai na rana kusan 100,000.

Amma akwai lungunan da ko infirared ɗin ba ya iya fitowa daga cikinsu, kuma a nan ne igiyoyin rediyo suka yi rana. Ƙwayoyin ruwa da ke cikin gas mai zafi suna ƙara wa igiyar rediyo ƙarfi a zangon gigahaz 22, abin da ake kira meza, ɗan'uwan leza, kuma Oriyon na cikin wuraren da aka fara jin sa a 1969. Iskar kabon monoksaid kuwa, wadda aka fara ganowa a sararin samaniya a 1970 a wannan gajimaren, tana nuna inda gas yake da irin gudun da yake yi.

Ku dubi waɗannan ɗigogi biyu da kyau, wato BN da maƙwabcinsa, dukansu jariran taurari. Na'urar VLA mai kama igiyoyin rediyo, da ke jihar New Mexico a Amurka, mai farantai 27, ta yi shekaru tana auna matsayin BN da na wani maƙwabcinsa da ake kira Tushe I, wanda ƙura ta rufe ruf. Awon ya nuna cewa suna gudu suna nesa da juna, BN yana cin fiye da kilomita 20 a kowace daƙiƙa, kuma idan aka bi sawunsu baya, sai a tarar sun taso daga wuri ɗaya kimanin shekara 500 da suka wuce. A ganina wannan shi ne awo mafi ban sha'awa a duk labarin, domin haƙuri da maimaita aiki ne suka samar da shi, ba hoto ɗaya mai ɗaukar ido ba.

A 2017 tawagar John Bally ta fitar da hotunan ALMA, wata na'urar kama igiyoyin rediyo mai farantai 66 da ke kan tsaunukan Atakama a ƙasar Chile, a tsayin mita 5,000, inda busasshiyar iska ke barin igiyoyin su iso ƙasa. Zaren gas fiye da 100 ne kuke gani suna watsuwa ta kowace fuska daga wancan wurin, wasu da gudun da ya haura kilomita 100 a daƙiƙa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa jariran taurari sun matso kusa da juna ainun, ƙarfin janyowarsu ya hargitsa tafiyarsu, aka cilla su waje tare da gas ɗin da ke ciyar da su. Duk da haka Tushe I bai rasa faifan gas da ke zagaye shi ba, kuma daga juyawar faifan aka ƙiyasta nauyinsa ya ninka na rana kusan sau 15. A 2019 ALMA ta gano tururin gishiri, irin wanda muke sa wa miya, a wannan faifai, kuma da yake alamarsa daga jikin faifan kawai take fitowa, ta zama hanyar auna juyawarsa ba tare da sauran gajimaren ya rikita awon ba.