Lacca kan ma'aikata marasa takardu, jami'an shige da fice da harkar yawon buɗe ido

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka, sannunku da zuwa.

Idan aka ce baƙin haure, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne kwale-kwale a tekun Bahar Rum ko ayari a tsakiyar sahara. Akwai waɗannan, babu musu. Amma kaso mai tsoka na masu aiki ba takardu ta filin jirgi suka shigo, da fasfo mai kyau da biza ta gaskiya, jami'i ya buga masu hatimi da hannunsa. Wa'adi ne ya cika suka ƙi fita. A Amurka, ƙiyasin da aka daɗe ana aiki da shi yana cewa kusan 40 cikin 100 na marasa takardu haka suka shigo. Ke nan wanda ya zo hutu da wanda ya zo neman aiki layi ɗaya suke bi, kuma duk matsin da aka yi wa na biyun, sai ya fara sauka a kan na farkon.

Mu tsaya gaban teburin jami'in nan tukuna. Minti ɗaya ko biyu yake da shi a kan kowane fasinja. Zai duba tikitin komawa, da takardar otal, da guzuri, da tsofaffin hatiman da ke cikin fasfo, sannan ya yi tambaya biyu ko uku ya ji ko amsar ta dace da takardun. In ya yi shakka sai ya tura mutum ɗaki na biyu, a buɗe jaka. Wanda ya ce hutun mako guda ya zo, sai ga takardun makaranta na asali a jakarsa, ga takalmin aikin gini, ga saƙon wani a waya yana cewa ranar Litinin za ka fara, to magana ta ƙare. Sai dai dillalai sun san duk wannan. Su kama ɗakin otal irin wanda ake sokewa ba asara, su ara wa mutum kuɗin nunawa da zai mayar da zarar ya fita daga filin jirgi, su koya masa amsoshi har ya haddace. Sakamakon shi ne wanda aka horar yakan wuce sumul, dattijuwar da ta zo ganin jikokinta, wadda ba ta jin harshen, ita ce za ta yi ta in-ina har a tsare ta. Dokar Amurka ma ba ta ɓoye ba: sashe na 214(b) ya ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama har sai ya gamsar da jami'i cewa zai koma.

Abin da ya fi tantance mai shigowa wuya shi ne sanin wa ya fita. A yankin Shengen na Turai, wato ƙasashen da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, ƙa'idar ga mai ziyara ita ce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma shekara da shekaru da hatimin tawada ake lissafin. Jami'i ya riƙa buɗe shafuka yana ƙirga, wani hatimin ya dushe, wani ba a buga ba. Sai ranar 12 ga Oktoba 2025 aka fara aiki da tsarin na'ura mai ɗaukar zanen yatsa da hoton fuska wajen shiga da fita. Amurka kuwa ba ta da teburin fita a filayen jiragenta. Da jerin sunayen fasinjoji da kamfanonin jirage ke ba ta take dogara, a iyakokin ƙasa kuma lissafin ya fi rauni. Ko na'urar ta nuna wane bai fita ba, suna kawai ta ba ka. Ba za ta gaya maka a wane ɗakin girki yake wanke tukwane ba.

To me gwamnati ke yi in adadin waɗanda suka maƙale ya yi yawa? Ta hukunta ƙasarsu gaba ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. A 2002 Amurka ta cire Ajantina daga jerin ƙasashen da ke shiga ba biza, saboda tattalin arzikinta ya rushe mutane suna zuwa ba sa komawa. Kanada ta sa wa 'yan Meziko biza a 2009, ta cire a ƙarshen 2016, ta sake maido da ita ga mafi yawansu a 2024. A Disamba 2018 'yan Biyetnam kusan 150 da suka shiga Taiwan a matsayin ayarin yawon buɗe ido suka yi ɓatan dabo cikin 'yan kwanaki, nan take aka dakatar da sauƙin bizar da ake yi wa ayarin Biyetnam. Na Koriya ta Kudu ya fi ban takaici. 'Yan Tailan suna shiga ba biza, da yawa suna zarcewa gonaki da masana'antu, sai aka tsananta. Aka shiga mayar da masu kuɗinsu da aikinsu daga filin jirgi, labari ya bazu a intanet a 2023, 'yan Tailan suka yi gangamin ƙaurace wa Koriya suka karkata Japan da sauran wurare. Otal-otal da kantunan Seoul ne suka biya kuɗin wannan tsanani. Gonakin da ke ɗaukar ma'aikatan kuwa ba su rasa hannu ba.

Wani lokaci rayuka ake asara. A aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a tsananin zafi, kuma 83 cikin 100 ba su da izinin aikin Hajji. Da yawa da bizar ziyara aka kawo su, babu tanti, babu mota mai sanyi, suna gudun jami'ai. Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan haka.

Yanzu ga abin da masu otal ba su cika son a faɗa ba. Harkar yawon buɗe ido da ke kukan an takura wa baƙinta, ita kanta tana cikin manyan masu cin gumin marasa takardu. Aikin na lokaci ne, wata huɗu ana cika wata takwas ana hamma, albashi kaɗan, 'yan ƙasa ba sa so. Otal ba ya ɗaukar mai gyaran ɗaki kai tsaye. Ya ba kamfanin shara kwangila, kamfanin ya ba ɗan kwangila, shi kuma ya kwaso mutane a biya su a hannu. In an kai samame, manaja ya ce bai san su ba, kuma a takarda gaskiya ya faɗa.

Amurka ta gwada maganin wannan a 1986: ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin duba takardu. Amma dokar ta ce ya karɓi duk takardar da ta yi kama da ta gaskiya, sai kasuwar jabu ta buɗe. Da aka kawo E-Verify, mai duba lamba a rumbun gwamnati, sai aka koma aron takardun wani mai izini, domin na'urar takarda take tantancewa, ba mutumin da ke riƙe da ita ba. Birtaniya ta bi ta aljihu: tun Fabrairu 2024 tarar ta kai fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci a karon farko, 60,000 in aka sake. A ganina dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta fi kama bakin zaren, domin ta ce a biya ma'aikacin bashin albashinsa, a ɗauka ya yi aƙalla wata uku in babu hujjar saɓanin haka, kuma ana iya bin wanda ya ba da kwangilar. Da zarar arha ta gushe, dalilin ɗaukarsa ya gushe. Matsalar ita ce masu duba wuraren aiki ba su da yawa, ma'aikacin kuma ba zai kai ƙara wurin da za a tasa ƙeyarsa ba.

Ku lura kuma, ba kowa ne ya zaɓi zama marar takardu ba. Inda izinin zama ke ɗaure da sunan ubangida, kamar tsarin kafala a ƙasashen yankin Gulf, ubangida na iya ƙin sabunta takarda, ko ya riƙe fasfo, ko ya kai rahoton cewa ma'aikaci ya gudu saboda ya nemi albashinsa.

Korar ma ba kamar yadda ake zato take ba. Sai an tabbatar da ƙasar mutum, alhali ya yaga fasfonsa. Sai ofishin jakadancinsu ya yarda nasu ne ya ba da takardar tafiya, kuma wasu kan yi watanni ba amsa. Tsarewa tana da iyaka, dokar Turai ta 2008 ta sa wata shida, a tsawaita zuwa 18. Sai kujerar jirgi da 'yan rakiya, kuma matuƙi na da ikon ƙin ɗaukar wanda ke turjiya. Shi ya sa Hukumar Tarayyar Turai da kanta ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka umarta su fita ne ke fita. Da abin ya ishe su, sai suka sake komawa kan biza: a 2021 aka tsaurara wa 'yan Gambiya neman bizar Shengen saboda gwamnatinsu ba ta karɓar waɗanda aka koro. Afuwa, irin ta Saudiyya a 2017 da ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2024, takan rage cunkoso da araha, amma in aikin da ya jawo mutanen yana nan, bayan 'yan shekaru za a sake yin wata.

Hajiya a can baya ta aiko da tambaya: kamfanin tafiye-tafiye mai son kare lasisinsa, me zai yi? To Hajiya, kada ki karɓi ayari daga hannun dillalin da ba ki san mutanensa ɗaya bayan ɗaya ba. Ki ga shaidar aiki ko sana'a ta kowa, ki buga waya ki tabbatar. Ki yi hattara da ayarin da duk matasa ne, fasfo sabbi fil, kuma mutum ɗaya ya biya wa kowa. Otal a biya shi tun daga gida, jagora ya ƙirga mutane safe da dare. In wani ya ɓace, a sanar da 'yan sanda da hukumar shige da fice a ranar, a rubuce, kada a jira sai an zo filin jirgi. Fasfo kuwa ki ajiye kwafi kawai, asalin ya zauna hannun mai shi, domin riƙe fasfon wani laifi ne a ƙasashe da dama. Akwai wata tambayar?