Batirin Zuciya: Me Ya Sa Ake Ta Sa Shi Yanzu?

Jama'ar Makka, Jidda da Madina, assalamu alaikum. Kun lura kuwa? A da, sai ka daɗe ba ka ji an sa wa wani batirin zuciya ba. Yanzu kuwa da wuya ka zaga dangi ba ka samu dattijo mai ɗan tudu a ƙasan ƙashin wuya ba.

Na'urori biyu ne, mutane na haɗa su a suna ɗaya. Ta farko ta zuciya mai nawa ce. Lafiyayyar zuciya kan buga sau 60 zuwa 100 a minti. Idan ta sauka har mutum na jiri ko suma, batirin ke tsikarar ta da 'yar wuta. A Suwidin aka fara dasa shi, a 1958, a jikin Arne Larsson. Na farkon awa uku kacal ya yi ya tsaya, amma mutumin sai 2001 ya rasu, bayan an canza masa sama da 20.

Ta biyu mai gadi ce. Tana zaune shiru, sai zuciya ta rikice da gudun da zai iya kisa, ta ba ta shokin wuta ta dawo hayyacinta. A asibitin Johns Hopkins na Amurka aka fara sa ta, a 1980. Masu kallon ƙwallo, ita aka sa wa Christian Eriksen bayan ya faɗi a fili a 2021.

To me ke ƙara yawansu? Batiri tsufa yake bi: mutane na daɗewa a duniya, hanyoyin wutar da ke sa zuciya bugawa na gajiya. Mai gadi kuwa bincike take bi. Binciken 2002 da na 2005 sun nuna tana ceton masu raunin zuciya tun kafin su taɓa faɗuwa, sai likitoci suka buɗe mata ƙofa. A 2016 wani binciken Denmak ya sa suka ɗan ja birki ga waɗanda rauninsu ba daga toshewar jijiya ya zo ba.

A nan Saudiyya, ga sukari ga hawan jini, ga kuma cibiyoyin kula da zuciya irin ta Yarima Sultan da ke Riyad. Har da ƙaramin batiri marar waya, wanda ake turawa ta jijiyar cinya.

Abin da ke damuna shi ne tazarar. A Jamus, cikin mutum miliyan ɗaya, kusan 1,000 ake sa wa duk shekara. A ƙasashe da dama na Afirka ko 10 ba su kai ba. Ba don zukatanmu sun fi ƙarfi ba ne, kuɗi ne da ƙarancin likitoci.

Baba, Hajiya, in kuna da shi: katin na'urar ya zauna tare da iƙama, ku nuna shi a filin jirgi, kada a sa wayar salula a aljihun da ke kansa, kuma a riƙa zuwa awon batiri kan lokaci.