Dodon Da Bai San Da Mu Ba

Laccar da aka gabatar ga matasa marubuta a Garwa ta ƙasar Kamaru, an rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ƙannena marubuta, na gode da gayyata. An nemi in yi magana a kan dodon sararin samaniya, wato halittar nan ta ƙagaggun labaran kimiyya wadda ke yawo tsakanin taurari tana haɗiye duniyoyi, saboda wasunku sun fara gwada rubuta irinta da Hausa. Ƙirƙira ce tsagwaronta, amma ita ma ƙirƙira tana da ƙa'ida, kuma mai karatu yana gane marubucin da ya karya ta.

Dukanmu mun tashi da Dodon tatsuniya. Yakan tare mutum a bakin rafi, ya yi magana, a yi ciniki da shi, a ɗaukar masa alkawarin 'ya, daga ƙarshe wani mai wayo ya yaudare shi ko a farke cikinsa mutanen da ya haɗiye su fito da ransu. Wannan Dodo ya san mu, yana jin yunwarmu mu ɗin nan, shi ya sa ake iya cin galabarsa. A 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Galactus a mujallun zane na kamfanin Marvel a Amurka, ƙaton da abincinsa shi ne ƙarfin rayuwar duniyoyi, har da ɗan aike da ke riga shi zuwa neman inda zai ci. Ya yi suna ƙwarai, amma a ganina Dodonmu ne aka sauya wa riga, domin shi ma yana tsayawa a yi masa magana, a roƙe shi, a tsorata shi ya janye. Dodon da ya fi tayar da tsigar jiki shi ne wanda ba ya ƙin mu, ba ya son mu, bai ma san muna nan ba, kamar yadda dorinar Binuwai ba ta san da tururuwar da ta taka a kan yashi ba.

Wanda ke son rubuta irin wannan sai ya fara duba abin da masana taurari suka tabbatar. Akwai abin da ake kira baƙin rami, wuri ne da nauyi ya taru a cikinsa har haske ma ba ya iya kuɓuta daga jansa. Ranar 10 ga Afrilu 2019 aka nuna wa duniya hoton farko na irinsa, wanda ke tsakiyar tarin taurarin M87, kuma nauyinsa ya kai na rana sau biliyan 6.5. Wanda ke tsakiyar namu tarin taurarin, Sagittarius A*, ya kai nauyin rana sau miliyan 4, an kuma nuna hotonsa a 2022. Tauraron da ya matso kusa da irin wannan rami yakan yage ya zama zaren iskar gas mai zafi. Sai dai a kiyaye, domin finafinai sun ɓata fahimtar mutane a nan: baƙin rami ba ya farauta. Da za a cire rana a sa baƙin rami mai nauyi daidai da nata, duniyarmu za ta ci gaba da kewayawa a kan hanyarta, sanyi da duhu ne kawai za su hallaka mu.

Abu na biyu, wanda kusan duk rubutun da na karanta daga gare ku ya tsallake, shi ne nisa. Haske yana tafiyar kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka yana ɗaukar fiye da shekara 4 kafin ya iso mana daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana. Idan dodonku yana gudun kashi ɗaya cikin goma na gudun haske, wanda ya wuce duk abin da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa nesa ba kusa ba, zai shafe shekara 42 a wannan tafiyar. Saboda haka labarin da dodo ya cinye tauraro da hantsi ya iso Marwa kafin la'asar ba zai karɓu ba.

Wannan jinkirin ne zuciyar labarin. Ku ɗauki Kaza da 'Ya'yanta, wadda manoma da makiyaya ke kallo tun kaka da kakanni, wadda haskenta ke ɗaukar shekara wajen 440 kafin ya iso. A ce wani dattijo makiyayi, a daren Disamba da hazo ya yi sauƙi, ya ɗaga kai ya ƙirga 'ya'yan ya ga ɗaya ta ɓace. Bayan shekara bakwai wata ta sake ɓacewa. Abin da idonsa ya gani ya faru ne ƙarni huɗu da suka wuce, kuma babu mai iya cewa ina macin yake a yanzu, ko ya doso mu ko ya nufi wani gefen. Wa zai gaskata dattijon? Me limamin gari zai ce a huɗuba, alhali an san rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa husufi don mutuwar kowa? Shin iyaye za su ci gaba da aurar da 'ya'yansu, manomi ya dasa mangwaron da jikansa ne zai ci? Marubuci zai iya cika babi goma da waɗannan tambayoyin ba tare da ya nuna haƙorin dodon ko sau ɗaya ba, kuma ina ba ku shawara kada ku siffanta jikinsa, ku bar mai karatu da ƙirgar taurarin da suka rage.

Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika.