Neman Sunan Kaka a Takardun Hukuma

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na can baya kuna jina? To madalla. Shugaban taro ya ba ni minti arba'in, ni kuma abu biyar na rubuto. Allah ya sa mu kai na uku. (dariya)

Na farko, ku cire sunan jiharku daga ranku tukuna. Mutum zai zo ya ce, "Malam, ni ɗan Jigawa ne, zan je Dutse neman takardun kakana." Jigawa fa 1991 aka yi ta. Kafin nan Jihar Kano ce tun 1967, kafin nan kuma Lardin Kano. Kakanka da ya rasu zamanin Sardauna bai taɓa cika takarda ya rubuta Jigawa ba. Haka ɗan Kebbi, 1991, haka ɗan Zamfara, 1996, galibi Lardin Sakkwato za su nema. Katsinawa kuwa sun fi kowa yawo. Jiharsu 1987 ta fita daga Kaduna, lardinsu 1934 aka kafa shi, kafin nan suna ƙarƙashin Zariya, kafin nan kuma Kano. Bakatsine sai ya duba wuri uku. Ku yi haƙuri, ba ni na yi ba. (dariya)

Takardun lardunan nan suna Kaduna, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, kowane lardi da alamarsa. Na Kano KANOPROF, na Sakkwato SOKPROF, na Zariya ZARPROF, na Katsina KATPROF, na sakatariyar Arewa gaba ɗaya kuma SNP. Amma kada ka hau mota sai ka zauna da tsofaffin gidanku ka samo abu uku: sunan ƙauye, sunan gunduma, da sarautar hakimin da ke riƙe da ita a lokacin. Ba a jera fayil-fayil ɗin nan da sunayen mutane ba, da sunan ƙasa aka jera su. Ka je ka ce ana neman Malam Audu, za a dube ka kawai a yi maka sannu da zuwa.

Na biyu. Hukuma ba ta rubuta sunan talaka don tana ƙaunarsa. Kuɗi ke sa ta rubuta shi, ko rigima. Saboda haka ku bi haraji. A zamanin Turawa, Di'o yakan fita rangadi ya zauna a gunduma, ya ƙidaya gidaje da gonaki da shanu da masu sana'a, don a san nawa za a yanka wa ƙasar. A farkon rahoton yakan tara dattawa su ba shi labarin garin: wa ya sare shi, daga ina suka zo, wa ya gaji wa. Sunan kakanka ba lalle ya fito a nan ba sai in dagaci ne ko mai unguwa, amma za ka ga garin da ya rayu a ciki, har yawan maƙera da marina. Rasit ɗin haraji da na jangali kuwa a gida ake samun su, a ƙasan adaka. Dattawan da suka ga 1979, lokacin da Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji a Kano da Kaduna, sun san yadda ake ɓoyon wannan 'yar takardar, don ita ce shaidar mutum a kan hanya.

To, ga wanda na fi so. Littafin alƙali. Jama'a, littafin alƙali! Da zan samu, da kan shi kaɗai zan yi laccar nan.

Me ya sa? Saboda gado. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, in mai abin hannu ya rasu aka kai rabon gadonsa gaban alƙali, ana cire ushira, kashi ɗaya cikin goma, ta shiga baitulmali. Tunda akwai kuɗin hukuma a ciki, dole a rubuta. Sai alƙali ya tura muhuti, wato mataimakinsa, ko wani wakilinsa a ƙidaya abin da mamaci ya bari, a yi wa komai kuɗi. Za ka ga an jera: gida, gona, jaki, riga, rawani, buzu, tukunyar baba in marini ne, littattafai in malami ne, kowanne da kuɗinsa, fam kaza, sule kaza. A rubuta wanda yake bi bashi da wanda ke bin sa. Sannan a zo kan magada. Nan ne wurin. Tunda shari'a ba ta raba gado sai an san kowa, sai an kira matansa da sunansu a ba su tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Sai an kira 'ya'ya maza, sai an kira 'ya'ya mata. Iyayenmu mata da ke zaune nan, ku saurara da kyau. Takardar haraji maigida ta sani, ba ruwanta da ku. Salsalar da ake haddacewa a zaure, wane ɗan wane ɗan wane, ita ma ba ruwanta da ku. Littafin alƙali ne ya rubuta sunan kakarku, har da kishiyarta. (dariya)

Ban gama ba. Rigimar gona, sai an faɗi iyaka: gabas gonar wane, yamma rijiyar wane, arewa burtali. Ka ga ka sami maƙwabta. Shaidu, sai an rubuta sunansu da na ubanninsu. Kisan aure, sai an faɗi sadaki da wanda ya yi walicci, waliyyin nan kuwa sau da yawa baffa ne ko wa, ka ga wani reshen ya fito. A Kano har shari'o'in majalisar Sarki Abbas na wajen 1913 da 1914 sun tsira, da Larabci, masana sun yi aiki a kansu.

Amma in gargaɗe ku. Wanda ya buɗe littafin nan sai ya shirya ganin abin da bai je nema ba. A cikinsa ake rubuta bawan da ya fanshi kansa da kuɗin da ya biya, don sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. A cikinsa ake rubuta wanda aka kama da akuyar mutane. Mu kuwa kowa ka tambaya daga Gabas kakansa ya zo, kowa jikan sarki ne. In kowa jikan sarki ne, wa ya yi noman? (dariya) Wanda ya tara kuɗi sule-sule ya sayi 'yancin kansa, ni a wurina ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ka yi shawara da manyan gida kafin ka ɗora a Facebook.

Rubutun kuma yawanci Larabci ne da hannun malaman zaure, wani wurin ajami, sai daga baya boko ya shigo. Kada ka ɗauki ɗan jami'a mai digirin Larabci kaɗai, zai tsaya yana zufa. Ɗauki alaramman da ya saba da rubutun allo, ku haɗa su biyun.

Ina littattafan suke? Wasu Kaduna. Wasu a hukumomin tarihi na jihohi, kamar ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Katsina ma tana da tata. Wasu kuma suna nan a sito na kotuna, domin wajen 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin jiha, littattafan suka bi ginin. Na shiga wani irin wannan sito, ba zan faɗi garin ba. An jingina littattafan da bango, kwano na yoyo, gara ta shiga ta bangon baya ta cinye rabin kowane shafi. Sunayen magada na nan, abin da suka gada ya tafi.

Na huɗu... Na uku ne? To, na uku. Shugaba na nuna min agogo. Wanda kakansa ya yi aikin gwamnati ko na En'e, malamin makaranta, malamin asibiti, ɗan doka, ya nemi fayil ɗinsa ta ofishin shugaban ma'aikata ko na fansho, ya duba gazet, can ake buga ɗauka da ƙarin girma da ritaya. Makaranta, rajistar shiga tana da sunan uba da garinsa. Filaye, ma'aikatar ƙasa da safiyo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fitowa, a tambaya a Arewa House, tsohon gidan Sardauna a Kaduna. Shekarar haihuwa kada ku yarda da ta takarda, ƙiyasi ne. Ku tambayi tsoho, kafin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ko bayanta? Kafin annobar marisuwa ta 1918? Kafin zuwan Sarauniya a 1956? Na'am, Hajiya?

(Wata daga cikin mahalarta ta ce kakanta ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, an ce ya zauna a Sudan. Ina za ta fara?)

Hajiya, gidaje da yawa na da irin wannan kakan. Hanyar sananniya ce: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeche, Janaina, El Obeid, har bakin teku a Sawakin. Tafiyar shekaru ce, ana yi ana tsayawa neman guzuri, da yawa suka tsaya noman auduga a Jazira bayan 1925, wasu suka zauna Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A Kaduna ki nemi fayil-fayil ɗin alhazai a SNP da na Lardin Barno, MAIPROF, tunda ta can ake fita. Amma ni da zan fara, da littafin alƙalin garinku zan fara. Mutumin da ya tafi bai dawo ba ya bar mata da gona. Matar za ta je gaban alƙali a raba auren saboda daɗewar miji, 'yan'uwa za su yi jayayya kan gonar, kuma a nan za a rubuta shekara nawa da tafiyarsa, da wanda ya dawo ya ce ya gan shi, da garin da ya gan shi. Wace gunduma ce taku, Hajiya? To, ki tsaya bayan sallah in rubuta miki lardin.